Zuwa Cape Coast da jakar goyo a makon bikin Fetu Afahye

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce ga waɗanda suka san ƙasar Gana. Matasa uku ne ke son zuwa Cape Coast kallon Fetu Afahye, bikin gargajiya na shekara-shekara na mutanen garin, ta mota daga Kano, kowa da jakarsa ta goyo, kuɗin kuma a ƙirge suke. Yaushe ya kamata a tashi, wace hanya za a bi, ina za a kwana, me za a zuba a jaka? Don Allah wanda ya sani ya warware mana dalla-dalla, kada a tsaya a "Allah ya kiyaye hanya" kawai.

Alhajin Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ku fara da lissafin rana, don a nan yawancin baƙi ke faɗuwa. Babban taro yana kamawa ne ranar Asabar ta farko a watan Satumba. A 2024 ya faɗa ranar 7, a 2025 ranar 6, a 2026 kuma ranar 5. Amma bikin na mako guda ne, Asabar ɗin ƙarshensa ce. Daren Litinin ana kwana a bakin tafkin Fosu ana hidimar gargajiya. Talata ake tseren kwale-kwale, sarkin garin ya sa a jefa taru sau uku, wanda shi ne alamar an ɗage hanin kamun kifi a tafkin. Wannan ana kiransa Bakatue. Laraba ranar tarbar 'yan gari da suka dawo daga nesa ce. Juma'a matasa ke cika titi sanye da kaya ruwan lemo, ita ce Orange Friday. Asabar sarakuna ke fitowa, a ɗauke su a kafaɗa ƙarƙashin manyan laimomi, rundunonin gargajiya guda bakwai na garin da ake kira Asafo, kowace da tutocinta da gangunanta, a ratsa ta unguwar kasuwar Kotokuraba har filin Victoria Park da ke bakin teku.

Saboda haka ku shiga garin ranar Litinin da rana. Wanda ya iso Juma'a zai tarar ɗakuna sun ƙare, motar haya ta ninka kuɗi, tituna a toshe, ga jaka a baya cikin turmutsitsi. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Baban Ummi:
Alhaji ya gama magana kan rana, bari in ɗauki hanya. Idan Litinin ake son shiga, lissafi ya koma baya kamar haka: a bar Kano Juma'a da yamma a motar dare, a wayi gari Asabar a Legas ko a shiga da rana, a kwana, a tashi asubahin Lahadi. Lahadi na zaɓa da gangan, don ranar ce hanyar Mile 2 da ke Legas zuwa Badagry ta fi sauƙin cunkoso. Daga Legas zuwa Akra ya haura kilomita 450 kaɗan, ba wani nisa ba ne, amma iyakoki uku ne a tsakani: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hillakondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao tsakanin Togo da Gana, wadda take manne da birnin Lome. Kowace iyaka hatimi biyu ne, na fita da na shiga. Shida kenan a tafiya, sha biyu da dawowa. Wanda fasfonsa ya kusa cika ya ƙirga shafukan da suka rage tun a gida.

Takardu biyu ne ba a wasa da su: fasfo ko takardar tafiye-tafiye ta ECOWAS, da katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, yana da kwana 90. Allurar shawara kuma ba ta fara aiki a takarda sai bayan kwana 10 da yin ta, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya, katinsa bai nuna ba tukuna. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, to mai tsohon kati na gaskiya kada ya bari a ce masa ya mutu. Abin da ba shi da amfani shi ne katin da aka saya ba a yi allurar ba. Ko ya wuce da kai iyaka, ba zai hana sauro cizonka ba.

Ɗan Fagge:
Na gode Baban Ummi. To babbar mota mai tafiya kai tsaye Legas zuwa Akra za a hau, ko a riƙa canji a kowace iyaka? An ce canjin ya fi arha.

Baban Ummi:
Ga wanda bai taɓa bin hanyar ba, kai tsaye. Kwandastan motar yana tattara fasfo ya kai a buga, kuɗin iyaka yana cikin tikiti, kayanka ba sa sauka. Illarta ɗaya: fasinja guda ya samu matsalar takarda ko kaya, duk motar ta tsaya jiransa. Shi ya sa tafiyar da za ta ci awa goma takan kai sha huɗu ko fiye.

Ɗan Tasha:
A nan ban yarda da Baban Ummi gaba ɗaya ba. Mutum uku masu jakar goyo, ai su canji ya fi dacewa da su, don ba su da kayan da zai ɗaure su. Mile 2 zuwa Seme, a tsallaka da ƙafa, a hau ƙaramar mota zuwa Kwatano, daga nan wata zuwa Lome, a sauka bakin Aflao a tsallaka, a ɗayan ɓangaren ga motocin Akra nan jere. Aflao zuwa Akra kusan kilomita 190 ne, awa uku zuwa huɗu. Sharaɗin dai shi ne ka riƙe fasfonka da hannunka, kai za ka miƙa shi ta taga, kai za ka karɓa. Masu tarye ka suna cewa "kawo in taimaka maka" su ne tsadar hanyar. Kuma a duba hatimin kafin a bar wurin: kwanan wata daidai ne? Na shiga ne ko na fita? Wanda ya shiga Benin babu hatimin shiga, a Hillakondji zai gane kurensa, don ba za a ba shi na fita ba sai ya yi bayanin yadda ya shigo.

Sabon fasfo wanda ba a taɓa bugawa ba shi aka fi matsa wa da neman ƙari. Maganinsa haƙuri da ƙananan kuɗi a aljihu daban, kada ka zaro damin kuɗinka a gaban kowa.

Baban Ummi:
Arhar da kake faɗa tana tabbata ne ga mai jin Faransanci ko wanda ya san farashi. Baƙo zai biya kuɗin kujera, ya biya na jaka, ya yi canjin naira zuwa sefa, sefa zuwa sidi, kowane canji an gutsure masa. In ka tara, ratar ba ta da yawa. Sai dai mu yi sulhu: su tafi da babbar mota, su buɗe ido su ga yadda iyakokin suke, su dawo da canji in sun ga za su iya.

Ɗan Tasha:
Wannan na karɓa. Ƙarin abu ɗaya, agogo. Najeriya da Benin lokacinsu ɗaya, Togo da Gana suna baya da awa guda. Wayar da ba ta canza da kanta ba za ta tashe ku sallar asuba awa guda kafin lokaci.

Ɗan Maraɗi:
To mu na Nijar fa? A taswira hanyar Yamai, Wagadugu, Paga, Tamale, Kumasi ita ce miƙaƙƙiya, kuma ita ce ta kusa da tsohuwar hanyar fataken Gwanja da kakanninmu ke bi sayen goro a Salaga.

Alhajin Zango:
Miƙaƙƙiya ce a taswira, amma yankin Torodi zuwa Fada Ngurma ba wurin da za a tura yaro yawon buɗe ido ba ne a shekarun nan, saboda masu ɗauke da makamai. Iyakar Gaya da Malanville kuma ta shiga rikici tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Ɗan Maraɗi ya fi sauƙi ya shigo ta Jibiya zuwa Katsina da Kano ya bi sahun waɗannan. Nijar da Mali da Burkina sun fita daga ECOWAS ranar 29 ga Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen masu tambarinta har sai ta sanar da wani abu. Duk da haka a tafi da fasfo, kada a dogara da katin ɗan ƙasa kaɗai, kuma a tambayi direbobin da suka dawo a makon. Matambayi ba ya ɓata.

Mu koma Akra. Motocin Cape Coast a tashar Kaneshie suke. Tafiyar kusan kilomita 150 ce ta Kasoa, mahaɗar Winneba, Mankessim, Saltpond, Anomabo. Ranar da hanya ta yi kyau awa uku. Kasoa ce maƙogwaron hanyar, a bar Kaneshie kafin bakwai na safe. Daga Alhamis ɗin biki kuwa, ukun nan tana iya zama biyar.

Maman Haidar:
Ku bar ni da maganar jaka, don maza kun fi iya lissafin hanya, ku zo shirya kaya ku kwashi rabin ɗaki. Jaka mai cin lita 40 ta wadatar, nauyinta kada ya wuce kilo 8 zuwa 10. Dalili: ita ce za ka iya ɗorawa a cinya cikin ƙaramar mota. Wadda ta fi haka but za a kai ta ko saman mota, a caje ka kuɗin kaya, ruwa ya dake ta, kuma idonka ba ya kanta. A nemi mai maɗaurin ƙugu, don nauyin ya sauka a ƙugu ba kafaɗa ba. Abu mai nauyi a sa shi jikin baya a tsakiya, mara nauyi a ƙasa, abin da ake yawan ɗauka a sama.

Kaya kala uku na yawo da ɗaya na Juma'a. Kada a ɗauki shadda mai sitaci, kada a ɗauki wandon jins fiye da ɗaya. Iskar bakin teku cike take da laima, abin da zai bushe cikin awa biyu a Kano zai kwana biyu a igiya yana warin danshi. Yadi mara nauyi shi ne daidai. Takalmi biyu: silifa na wanka da alwala, da rufaffe na ranar taro, don cikin cunkoso za a taka ka, ga fasassun kwalabe a ƙasa.

Ledoji masu zif kamar guda biyar. Ɗaya ta fasfo da kati, ɗaya ta waya da caja, saura na jiƙaƙƙen kaya. Raɓar gishirin teku tana cin bakin caja da zif ɗin jaka. In zif ya fara cijewa, a goga masa kyandir. Sai babbar ledar shara guda a shimfiɗa cikin jakar kafin a zuba kaya, ta fi murfin ruwan da ake sayarwa da jaka aiki, don shi ruwa ta bayan jaka yake shiga. Farkon Satumba ƙaramar damina ke shirin kamawa a can, yayyafi yakan sauko ba sallama, da dare kuma akwai sanyin iska, to a saka riga mai dogon hannu guda. Za ta yi maganin sauro ma.

Gidan sauro mai rataya ɗaya da igiya mita biyar, igiyar ita ce ta shanya kuma. Ƙaramin kwaɗo na ƙofa. Tocila. Batirin ajiyar caji mai 20,000. Soket ɗin Gana irin na Najeriya ne mai baki uku, amma Ɗan Maraɗi da cajarsa mai baki biyu zagaye ya nemi mahaɗi. Buta kada a ɗauko, a saya a Kotokuraba a bar wa masauki in za a tafi.

Ɗan Fagge:
Anti, guzuri fa? Wani ya ce mu ɗauki garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yawa.

Maman Haidar:
Na hanya kawai: dabino, ƙuli-ƙuli, dambun nama kaɗan. Ɗaukar gari zuwa Gana ai kai goro Gwanja ne. Abinci ba zai ba ku wahala ba. Da safe koko da ƙosai, wanda su kansu suke kira Hausa koko. Da hantsi waakye, shinkafa da wake ce da ake dafawa da karan dawa ta yi ja. Akwai tuwon zafi, akwai tsire da suke ce wa cincinga. Abincin garin kuwa dokunun Fante ne, wato tuwon masara na mutanen yankin wanda ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yajin shito. Yana da tsami, cikin da bai saba ba ya fara da rabi.

Wurin da za a kula: a makon biki ana gasa naman alade a bakin titi, wani lokaci kusa da mai gasa kaza. A tambaya kafin a saya, ko a tsaya wa masu tsiren zango da kifi. Kifin ma wanda aka tsamo daga mai a gabanka, ba wanda ya wuni a tire ba. Ruwa na leda ko na gora. In gudawa ta kama wani, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. In da jini, ko zazzaɓi ya shigo, a tafi asibiti a yi gwaji, akwai asibitin koyarwa a garin. Magungunan da aka ɗauko daga gida a bar su cikin kwalinsu. Ƙwayoyi tsirara a ƙulle cikin leda, musamman masu kashe ciwo masu ƙarfi, su ne ke jawo dogon bincike a iyaka.

Alhajin Zango:
Masauki kuma, wanda shi ne ainihin abin da ke cinye kuɗin matafiyi a makon nan. Wuri uku ne. Cikin tsohon gari kusa da ganuwar Turawa, wato tsohon sansanin da suka gina a bakin teku, da Victoria Park: komai da ƙafa za a je, amma shi ke fara cika, shi ya fi tsada, kuma daga Alhamis ba barci, kiɗa har asuba. Na biyu wajen unguwannin Pedu da Abura da kewayen jami'a: ɗakuna sun fi yawa da sauƙi, tasi ɗaya ce zuwa gari. Na uku garin Elmina, kilomita 12 ko 13 yamma. Ni na biyun nake ba matasa shawara.

A kama ɗaki tun watan Yuli, a tabbatar da farashin kwanakin Juma'a da Asabar a rubuce cikin saƙo, don wasu masu masauki sukan karɓe ka da farashi ɗaya ranar Litinin, Alhamis su ce ya canza. Kada a tura kuɗin mako gaba ɗaya ga lambar da aka gani a Facebook. Kafin alƙalami na dare ɗaya ya isa, saura in an ga ɗaki. In an shiga a buɗe famfo, a kunna fanka, a duba ragar taga, a tambaya ko akwai tankin ruwa, don garin yakan yi ƙarancin ruwan famfo balle ya cika da baƙi.

Ɗan Tasha:
Alhaji, Elmina fa ba ta da laifi, ta fi shiru.

Alhajin Zango:
Da rana ba ta da laifi. Ƙarfe goma na daren Asabar ka nemi motar komawa, sai ka san laifinta: sai shata, direba kuma shi ke yanka kuɗi. Abin da ka rage a ɗaki ya tafi a mota. A je Elmina yawon wuni, ranar Laraba misali. Ganuwarta 'yan Fotugal suka gina a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872.

Malam Mai Allo:
Ina bin bayananku, amma akwai abin da ba a taɓo ba. Wannan biki asalinsa tsarkake gari ne da godiya ga abubuwan bautarsu, waɗanda suke cewa 77 ne. Akwai zuba giya a ƙasa, akwai yanka bijimi a wurin tsafin Paprata, akwai bokaye masu hawan iska a daren Litinin da na Alhamis. Ta yaya za mu tsara wa 'ya'yan Musulmi tafiya zuwa wannan ba mu ce komai ba?

Baban Ummi:
Allah gafarta Malam, gaskiya ne akwai waɗannan, kuma gara da aka faɗa. Amma a rarrabe suke da rana da wuri. Wanda ya tsaya a tseren kwale-kwale da jerin gwanon sarakuna na Asabar, abin da zai gani ya fi kama da hawan sallah: sarki, laima, tambura, bindigogin gargajiya, gaisuwa. Musulmin garin ma suna nan, zango yana nan a Kotokuraba da masallacinsa.

Malam Mai Allo:
Kamar da wuya ta zama daidai, don hawan sallah ba a buɗe shi da zuba giya. Amma ban ce tafiyar haramun ce ba, na ce a san abin da za a tarar. Shawarata: a ƙaurace wa daren tafki da wurin yanka, kada a ci naman da aka yanka a can, ranar Juma'a kuma a fita masallaci da wuri kafin tituna su toshe, a dawo masauki kafin yamma, don abin da ke biyo bayan la'asar a ranar giya da cakuɗuwa sun yi masa yawa. Kuma ba a zagin abin mutane a garinsu. Ka ga abin da ba ka so, ka matsa.

Tunda na shigo, ga na salla. Rana tana karkata a can wajen sha biyu da 'yan mintoci, magariba wajen shida da minti goma, to kada a tsaya jiran ƙarfe biyun Kano. Alƙibla gabas ce mai karkata arewa, kusan digiri 64 daga arewa. Teku tana kudu da garin, don haka in ka tsaya daidai za ta kasance a damanka, ta ɗan koma baya. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru, to masu shiga Litinin su fita Lahadi cikawa za su yi. Ƙasaru da haɗa salloli na kan hanya ne.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka, Malam. Saura teku. Cikinmu akwai wanda ya iya ruwa sosai, a Tiga ya koya.

Kaftin:
Wannan jumlar taka ita ta sa na yi magana. Wanda ya iya ruwa a dam shi ya fi shiga haɗari, don wanda bai iya ba ba ya wuce gwiwa. Tekun Cape Coast ba tafki ba ce. Gaɓarta tana da gangara, igiyar ruwa tana fashewa dab da yashi da ƙarfi, in za ta koma ta kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Kana tsaye ruwa iya cinya, sai ka ji ba ƙasa. Daga Yuli zuwa Satumba kuma ruwan ya fi sanyi da hauka.

Abin da ke kashe mutane shi ne mashigar da ruwan ke bi ya koma ciki. Igiyoyi suna turo ruwa gaɓa, dole ya nemi hanyar komawa, sai ya taru a wuri ɗaya ya yi kamar kogi mai gudu zuwa tsakiyar teku. Abin takaici, wurin shi ya fi kama da wurin lafiya: igiya ba ta fashewa a nan, ruwan ya yi luf, launinsa ya fi duhu ko ya yi gurɓin yashi, kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa. Baƙo sai ya zaɓi nan.

In ya ɗauke ka, kada ka yi iyo kana fuskantar gaɓa, ba za ka fi shi ƙarfi ba, gajiya ce ke nutsar da mutum. Ba ƙasa yake jan ka ba, ciki yake kai ka. Ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu ɗaya, sannan ka yi iyo a gicciye, wato ka bi tsawon gaɓa, don mashigar ba ta cika faɗi ba. In ka fita daga cikinta igiya za ta taimaka ta dawo da kai. Na kan tudu kuma kada ya faɗa ceto hannu sake. A jefa jarka ko wani abu mai yawo a ruwa, a kira masunta, a buga 112.

Kada a shiga da jallabiya ko dogon hijabi, in suka sha ruwa nauyinsu ya ninka kuma suna naɗe ƙafa. Kada a shiga kusa da duwatsun ƙasan ganuwa. Kada a shiga bayan magariba. Ranar Talata masunta ba sa fita teku bisa al'adarsu, to jiragen da za su kawo ɗauki ba sa kan ruwa. Mai son jiƙa jiki ya je wuraren shaƙatawa na Brenu ko Anomabo, ya tambayi ma'aikatan wurin inda ake shiga, ya tsaya iya ƙugu.

Maman Haidar:
Kaftin ya faɗi gaskiya. Kuma gaɓar cikin gari wurin aikin masunta ce, akwai igiyoyin jirage da taru a shimfiɗe, wani ɓangaren ma ba shi da tsabta. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum ko kifinsa.

Ɗan Tasha:
Maganar kuɗi kada ta wuce. A raba su uku: na kashewar yau a aljihun gaba, na masauki da mota a jakar ciki ƙarƙashin riga, na komawa gida a ɗinke ko a ɓoye cikin jaka ba a taɓa shi. Sefa kaɗan ta isa Benin da Togo. Sidi a canza kaɗan a Aflao, saura a Akra wurin masu canji masu shago. A ƙirga a gaban mai canji, kuma kai ne na ƙarshen taɓa kuɗin, in ya karɓa ya "sake dubawa" ka sake ƙirgawa. Katin banki na naira kada a jingina da shi.

Ga wani abu da ke rikita baƙi. A 2007 Gana ta yanke sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi 1. Har yau wasu dattawa a kasuwa da tsohon lissafi suke magana. In aka ce maka abu miliyan ɗaya ne, sidi 100 ake nufi. Kada ka gudu, kada kuma ka biya sai ka ce a nuna maka takardar kuɗin.

Layin waya a je ofishin kamfani da fasfo a yi rajista, mutum ɗaya ya yi ya raba wa saura intanet. Ranar Asabar layi yakan cushe, don haka a sa wurin haɗuwa tun safe, misali gindin gunkin kaguwa, alamar garin, da ƙarfe kaza, in an rabu.

Alhajin Zango:
Ranar taron kanta, jakar goyo ta zauna a ɗaki a kulle. Fasfo ma haka, a fita da kwafinsa da hotonsa a waya. Ruwa, hula, kuɗin wuni, shi kenan. A kama wuri tun kafin hantsi a gefen titi mai inuwa da hanyar fita ta baya, ba a tsakiyar mahaɗa ba, don in sarki ya iso a kafaɗar mutane taron yakan turo gaba ɗaya kamar ruwa. A yi nesa da masu bindiga, albarushi yana fesa wuta kuma ƙararsa tana toshe kunne. Kada a ratsa ta tsakiyar rundunar Asafo, kada a taɓa tutarsu. Gaisuwa da miƙa abu da hannun dama, in mutane suna zaune a jere a fara daga na dama.

Ganuwar Cape Coast kuwa a shiga Litinin da yamma ko Alhamis da safe, kafin baƙin Akra su iso. 'Yan Suwidin suka fara gina ta a 1653, daga baya ta koma hannun Ingila, garin kuma shi ne hedikwatar mulkinsu har 1877 da aka koma Akra. Zagayen da jagora bai cika wuce awa ɗaya ba, kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Kurkukun bayi na ƙarƙashin ƙasa duhu ne da zafi da ƙarancin iska, mai asma ya riƙe abin shaƙarsa. Wanda ya san sunan Salaga a tarihin goro zai ji shi a nan ta wata fuskar, don kasuwar bayi ce kuma, daga can ake gangaro da mutane zuwa gaɓa.

Dajin Kakum kusan kilomita 30 ne arewa, da gadojin igiya bakwai a saman bishiyoyi. A je da sassafe a tsakiyar mako, jiƙaƙƙen katako yana da santsi, silifa ba ta yi.

Ɗan Fagge:
Mun gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Tambaya ta ƙarshe: Lahadi za a juyo ko Litinin?

Baban Ummi:
Lahadi da rana duk wanda ya zo daga Akra yana kan hanyar komawa aiki, tasha ba mota, Kasoa a tsaye. Ko dai ku kasance a tasha kafin shida na safiyar Lahadi, masu biki suna barci, ko ku ƙara kwana ɗaya ku tashi Litinin, lokacin ɗaki ya koma farashinsa. In babbar mota za ku hau zuwa Legas, ku sayi tikitin komawa tun ranar da kuka sauka Akra, don yawancinsu da sassafe suke tashi, dole ku kwana a Akra daren kafin nan. Nima ko Sabon Zango za ku samu masauki da abinci da masu jin Hausa. Sauran sidi ku canza shi a Aflao kafin ku tsallaka, ku bar sefa ta ruwa da abinci har Seme.